Kuɗin tanti na hannuna, Yaya da abokina sun ja daga

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, shekara tara ke nan. Mu huɗu ne muka shirya fita farautar elk, wata babbar dabbar daji, a ƙarshen Oktoba, kwana biyar a dajin Flat Tops: ni, da yayana da ya haura sittin da kaɗan, da ɗansa mai shekara 19, da wani abokin aikina wanda shi ya koya mini harbi, kuma ya fi mu duka sanin dajin. Kowa ya kawo dala 500, aka damƙa mini dala 2,000 in sayo tanti. Yaya ya ce sai babban tantin kanbas mai bango da murhun ƙarfe, wanda mutum zai miƙe tsaye a ciki, ya kwana a kan gado. Abokina ya ce wannan ai ɗaki ne, shi mara nauyi yake so, wanda za mu goya mu nutsa ciki kilomita takwas, inda ba kowa. Yaya yana fama da gwiwa, amma in ka ambata sai ya ce shi da ya tashi da fartanya a hannu, wane dutse ne zai gagare shi. Abokina kuma ya fara cewa in haka ne a ba shi kuɗinsa. Sati uku ke nan ina kallon hotunan tantuna, na kasa saye. In na bi Yaya na rasa wanda ya san hanya, in na bi abokina kamar na ce wa Yaya ya zauna a gida ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ina mafita?

Wani ɗan'uwa, daga Kolorado

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa Yaya da alheri kan riƙon da ya yi maka, kai kuma ya bar ka da wannan kunya da kake ji tasa. Ita ce ta hana ka danna saye har sati uku, kuma ban ga laifinta ba.

Bari in fara da abin da na ji a wasiƙarka wanda kai ba ka faɗa ba. Yaya yana cewa zai iya hawa dutse, amma tantin da ya zaɓa ba wanda ɗan Adam zai goya ya hau dutse da shi ba ne. Tantin kanbas mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 14, wanda shi ne daidai mutum huɗu da murhu, in ka haɗa yadin da ƙarafan da ke riƙe shi da murhun da bututun hayaƙinsa, ya haura kilo 50 cikin sauƙi, ba a ma zo kan gadaje ba. Ko mota ta kai shi ko doki. Yaya ba yaro ba ne, ya san haka. Abin da bakinsa ya kasa furtawa a gaban ƙaninsa da ɗan cikinsa, ya faɗa maka shi da zaɓin tanti: yana so ya je, kuma yana so a yi zango inda mota take tsayawa. Babba ba ya cewa "ba zan iya ba" a gaban yaran da suka tashi a hannunsa. Sai dai ya ce ga irin tantin da yake so.

Abokinka ma ba ƙeta ce ta sa shi magana ba. Elk, ga masu karatu na gida, dabba ce dangin barewa amma girmanta ya fi na gwanki, babban namiji yakan kai kilo 300. Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawanta, sama da dubu 280, don haka maharba daga ko'ina nan suke tururuwa. Da zarar an buɗe lokacin farauta da bindiga, bakin hanyoyin daji kan cika da motoci da mutane masu rigar ruwan lemo, dabbobin kuma sai su yi nisa, su shige kwazazzabai da duhuwar itatuwa. Wanda ya san haka, ya ɗauki hutun aiki na kwana biyar, ya biya lasisi, dole ransa ya sosu in aka ce masa a gefen mota za a kwana. Cewar da ya yi a ba shi kuɗinsa magana ce ta wanda yake jin an daina sauraron sa a kan abin da ya fi kowa sani. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai kuma doka, wadda ba ruwanta da ra'ayin kowa a cikinku. Babban ɓangaren Flat Tops keɓaɓɓen daji ne tun 1975, ƙarƙashin dokar 1964 da ta hana shiga irin waɗannan wurare da abin hawa. Ba mota, ba babur, ba keke, har amalanken da ake turawa da hannu a ɗauko nama an hana. Da ka wuce allon iyaka, sai ƙafarka ko dabba. Saboda haka tambayar da za ku fara amsawa ita ce a wane gefen allon za ku kwana. In an yanke wannan, tanti zai zaɓi kansa.

Yanzu ga gaskiyar kowane tanti, domin hotunan talla duk a rana mai kyau ake ɗaukar su. Na kanbas yana da abin da babu mai ƙwace masa. Auduga tana numfashi, don haka gumin mutane ba ya taruwa a jikin rufi ya riƙa ɗigo muku. Bangonsa a miƙe yake, kusan ƙafa biyar, ko'ina a ciki wuri ne mai amfani. Murhunsa na ƙarfe mai kauri ne, yana cin manyan itace, yana riƙe wuta awanni. Ka dawo da magariba safa a jiƙe, wando ya daskare har gwiwa, ka rataya su a igiya kusa da bututu, kafin asuba sun bushe. Ga mai ciwon gwiwa kuwa, gado shi ne rabin tafiyar. Ka kwatanta dattijo mai shekara sittin yana ƙoƙarin tashi daga ƙasa da ƙarfe biyar na asuba, cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifiri da maki goma, yana laluben abin dafawa, da wanda zai sauko da ƙafafunsa daga gado kawai ya zura takalmi. Kuma ku da za ku yi sallah, a cikin wannan tantin mutum uku za su iya yin sahu su miƙe tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan dusar ƙanƙara na zuba a waje.

Wanda abokinka yake so, na tabbata irin mai siffar jinka ne, sanda ɗaya a tsakiya, yadin nailan mai santsi, ba shi da daɓe. Kamfanoni irin su Seek Outside da ke Grand Junction, nan cikin jiharku, da Kifaru, su suka yi suna a kansa. Babba daga ciki, har da ɗan murhun ƙarfen titaniyom da ake naɗewa kamar faranti, bai fi kilo biyar zuwa shida ba. Ku raba huɗu, kowa ya ɗauki abin da bai kai nauyin bindigarsa ba. Yana jure iska sosai in an kafa turakunsa da kyau, domin iskar ba ta samun bangon da za ta daka. Amma kada lambar da aka rubuta a jiki ta yaudare ka. In an ce na mutum takwas ne, ana nufin mutum takwas a jere kamar kifin gwangwani, ba jaka, ba murhu. Da kaya da bindigogi da itacen ƙonawa, ka raba lambar biyu. Ku huɗu na mutum takwas za ku nema, ba ƙasa da haka ba. Ko shi ma, kusa da sandar tsakiya kaɗai ake iya miƙewa, kuma nan ne murhu yake. Gefe kuwa rufin yana saukowa har ƙasa, wanda ya kwana can fuskarsa na dab da yadi.

Yadin nan kuma ba ya numfashi. Numfashin mutum huɗu na dare guda, da damshin da ke tasowa daga ƙasa, duk a jikinsa suke taruwa. In an yi sanyi su daskare su zama farin gari, in an hura wuta da safe su narke su zubo a kan jakar barci. Akwai labulen ciki da ake ƙarawa don tare wannan, ƙarin kuɗi ne da ƙarin nauyi, amma ni ba zan shiga da mutum huɗu ba tare da shi ba. Ɗan murhun kuma ƙirare yake ci, masu kaurin yatsa biyu zuwa wuyan hannu. Yana ɗumama wuri nan da nan, yana mutuwa nan da nan. In ba a ciyar da shi ba, cikin kamar rabin awa ya huce. Amfaninsa a sha shayi, a busar da safa, a sa kaya cikin ɗumi. Dare kuwa tsakaninka da jakar barcinka ne da katifar da ke raba ka da ƙasa. Wannan wurin mutane da yawa suke yin kuskure: su kashe kuɗi a tanti, su tafi da jakar barcin bazara, suna cewa ai akwai murhu.

Akwai kuma lissafin da abokinka ya sani amma wataƙila bai yi muku shi a fili ba. Shiga kilomita takwas da kusan kilo 20 a bayan kowa, a tudun da ya kai mita 3,000, wahala ce amma ana yi. Fitowar ita ce magana. In Allah ya ba ku sa'a kuka kayar da babban namiji, naman da za ku cire daga ƙashi zai kusa kilo 100, kuma dokar jihar ta hana a bar abin ci ya lalace a daji. Ga nama, ga kayan zango. Sawu biyu ne aƙalla, wataƙila uku, galibi a gangare, kuma gwiwa gangare take tsoro fiye da hawa. In ƙafar Yaya ta ƙi a can ciki, inda waya ba ta kamawa, farauta ta ƙare ga kowa, har da abokin naka.

To ga abin da zan yi da ni ne kuɗin ke hannuna. Zan raba zango biyu. Babban zango a ƙarshen hanyar mota, wajen iyakar keɓaɓɓen dajin, da tantin kanbas da murhu da gadon Yaya. Sai ƙaramin tanti mara nauyi na mutum biyu, wanda masu ƙarfin ƙafa za su goya su shiga ciki su kwana ɗaya ko biyu su dawo. Maharban can sun daɗe suna yin haka, ba sabon abu na ƙirƙiro maka ba. Sabon tantin kanbas da ƙarafansa da murhu zai iya cinye dala 2,000 ɗin gaba ɗaya, don haka bana kada ka sayi sabo. Ka nemi na hannu, ko ka yi haya na sati guda, akwai masu bayarwa. In na hannu ne, ka sa a shimfiɗa maka shi a rana ka sunsuna. Warin fumfuna da baƙaƙen ɗigo alamar an naɗe shi da damshi ne, irin wannan yadin ya riga ya fara ruɓewa, ka bar musu kayansu. Ka duba zif ɗin ƙofa da kewayen ramin da bututu ke fita. Abin da ya rage na kuɗin ya tafi ga ƙaramin tantin, kuma wannan abokinka ne zai zaɓe shi, kai naka biya.

Sharaɗi ɗaya: ba a barin Yaya shi kaɗai a zango. Ku yi karɓa-karɓa. Abokinka shi ne jagora, kullum yana cikin masu shiga. Kai da yaron ku riƙa musanya, wannan ya shiga da shi kwana biyu, wancan ya zauna ya yi farautar kusa da Yaya, sannan a juya. Kada ka raina farautar kusa, domin maharban da suka nutsa ciki sukan koro dabbobi waje, kuma mai haƙurin zama a bakin fili da sassafe yakan ga abin da mai yawo bai gani ba. Yaron nan kuma, ba wanda ya tambaye shi komai a duk wasiƙarka. Shekara 19, jini na tafasa, na san zuciyarsa na wajen shiga ciki, amma ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba. Wannan tsarin ya ba shi duka biyun: kwana da babansa a gefen murhu, da kwana a can inda yake mafarki.

In kuma kun ƙi raba kai, kuka ce ko ana ha-maza-ha-mata tare za ku kwana, to sai mai siffar jinka na mutum takwas da labulen ciki da murhu, domin shi ana iya kafa shi a gefen mota, ana iya goya shi, na kanbas kuwa hanya ɗaya ya sani. Amma sai a rage kilomita takwas ɗin zuwa biyu ko uku a hanya mai sauƙi, kayan Yaya a raba wa sauran, shi ya riƙe bindigarsa da sandunan dogarawa biyu. Ban fi son wannan ba, saboda kowa zai samu rabin abin da yake so ne. Hanya ta uku ita ce masu dawakai da ke kai mutane ciki su kafa musu tantin kanbas su dawo ranar da aka yi alkawari su kwashe su da namansu. Ita ce kaɗai za ta kai gadon Yaya har cikin dajin abokinka, sai dai kuɗinta ya ninka abin da kuka tara, kuma ana kama gurbi tun watanni kafin lokaci. Ku ajiye ta a rai don baɗi.

Yadda za ka buɗe maganar ya fi wanne za ka saya muhimmanci. Kada ka yi ta a rukunin WhatsApp ɗinku, inda kowa ke kare girmansa. Ka je gidan Yaya da kanka, bayan an ci abinci, yaron ba ya wurin. Kalmar gwiwa kada ta fito daga bakinka. Ka ce masa, "Yaya, na duba, maganarka ta babban tanti ita ce daidai, shi za mu kafa. Amma muna bukatar wanda zai riƙe mana zango, ya tsara wa zai shiga wa zai zauna, kuma in an kayar da dabba shi zai raba. Ban ga wanda ya dace ba sai kai." Ba daɗin baki ba ne, aikin gaske ne, kuma nasa ne tun asali. In daga baya shi da kansa ya ce zai taka kilomita ɗaya ko biyu da safe, ka raka shi, kada ka hana.

Abokinka kuma ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa gaskiyar da ba za ka faɗa a gaban Yaya ba: ƙafar dattijon ba za ta kai ba, kuma kai ba za ka je ka bar shi a gida ba. Ka nuna masa cewa a tsarin nan zai samu kwanakinsa a ciki, da abokin tafiya mai ƙarfi, da masu taya shi ɗaukar nama, da wuri mai ɗumi da zai dawo ya busar da kaya. In bayan haka ya ce har yanzu kuɗinsa yake so, ka ba shi cif, da fuska a sake, ba gori. Ka roƙe shi ya zauna da kai a kan taswira ya nuna maka inda ruwa yake da inda hanya ke yankewa. Sai ku uku ku yi zangon bakin hanya bana, ba wanda zai nutsa ciki ba jagora.

Tunda kayan haɗaka ne, ku rubuta tun yanzu a gidan wa za a ajiye, wa ke da alhakin shanya kanbas ya bushe ƙarau kafin a naɗe, wa zai biya in tartsatsi ya huda rufi, da yadda za a fanshi rabon wanda ya fita. Layi huɗu a takarda sun isa. Na ga zumunci ya yi tsami a kan abin da bai kai tanti ba.

Akwai abin da ba zan yi sassauci a kansa ba, kowanne kuka saya. Gawayi ba ya shiga tanti, haka na'urar ɗumama ta gas mara bututu, haka girki da ƙofa a rufe. Kai ɗan gida ne, ka san labarin iyalan da suka kwanta da kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu, ko suka shigo da janareto cikin gida, aka wayi gari ba su tashi ba. Iskar guba ɗaya ce, ba ta da wari. Ka sayi ɗan na'urar da ke ƙara in ta ji ta, mai batir, ba ta da tsada, ka rataya ta daidai inda kawunanku suke. Bututu ya kasance da ragar tare tartsatsi a bakinsa. Kafin ku tashi ka kira ofishin gandun dajin White River, mai kula da yankin Flat Tops, ka ji ko an sa dokar hana wuta, domin in ta kai mataki na biyu har murhun itace na cikin tanti an hana. Ka tuna Oktoban 2020, lokacin gobarar Cameron Peak da East Troublesome, da aka rufe dazuzzuka ana tsakiyar farauta. In shekara ta zo da fari, jakar barci ce kaɗai za ta fisshe ku. Kuma kafin ka buga turke na farko ka ɗaga kai sama. Ƙwaro ya kashe itatuwa da yawa a duwatsun Kolorado, suna nan tsaye a bushe, iskar dare ɗaya ke kayar da su. Nama da abinci a rataye su nesa da wurin kwana saboda baƙin beyar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da tantin ya zo hannu, tun a Satumba, ku ɗauki daren Asabar guda ku je wani wuri mai tudu kusa da gari ku kafa shi ku huɗu, ku kwana. Sabon murhu a fara hura shi a waje, fentinsa ya ƙone ya gama hayaƙi. A nan za ka gane ƙarfe nawa ya ɓace a cikin jaka, wa ke minshari har sai an mayar da gadonsa bakin ƙofa, da ko jakar barcin Yaya ta isa. Ka lura da yadda yake numfashi in kun ɗan hau tudu, domin daga mita 2,500 zuwa sama ƙarancin iska na kama mutum ko da lafiyayye ne. In kana da hali, ka sa ya ga likitansa kafin Oktoba, ka ce ai kai ma za ka je, ku tafi tare.

Ka rubuto mini bayan kun dawo. Ina so in ji wanda ya fara ganin elk, kuma in an samu nama, a gaya wa Yaya mai ba da shawara ma yana da kaso.